Ranar da Na Gyara Fiffiken Motar Usman

Duk unguwarmu ta Ruwais an san ba na barin abu a karkace. Ko tabarma ce, sai an sake shimfiɗa ta.

Ɗana Usman makanike ne. Ya ƙera 'yar mota da injin babur, tayoyinta duk a waje, don tseren da samari ke yi a wani zagayayyen fili. Ranar gwaji kowa zai zaga shi kaɗai, masu sauri ne kawai za su shiga tseren.

Da safe ya fita neman fetur, na leƙa motar. Sai ga wani faifan ƙarfe a bayanta, a karkace. Haka zai fita da ita, a ce ɗan wa? Na ɗauko taɓarya na miƙar da shi tsaf.

Na bi shi filin ina jiran yabo. A miƙaƙƙiyar hanya motar ta wuce kamar harsashi, har na gyara tsayuwa. Tana isa kwana ta yi juyi ta afka cikin yashi. Usman ya fito lafiya yana tofar da ƙasa.

"Inna, wa ya taɓa fiffiken? Shi iska ke dannawa motar ta kama ƙasa!"

"Ai a karkace yake," na ce.

"Halas, shi ke nan," ya ce, ya zube yana dariya har da hawaye.

Bai shiga tseren ba. Ni kuwa sunana ya koma Muhandisa, wato injiniya. Har yau in mota ta mutu a unguwa, sai ka ji, "Yalla, maza a kira Muhandisa, ta taho da taɓaryarta."