Wuƙa Mai Ƙarko

A wani gari da ake kira Ana-Dubawa, 'yan sanda ba su san ankwa ba. Da igiyar rama suke ɗaure mutum, a gindin wata tsamiya da ke tsakar caji ofis. Ɗaurin ma ba kowa ke yi ba. Akwai mai muƙami na musamman, Sarkin Ƙulli, wanda ya gaji aikin kaka da kakanni. In ya ƙulla, ko shi kansa ba ya iya kwancewa, kuma da wannan yake taƙama. Saboda haka al'adar garin tun fil azal ita ce, in an gano mutum ba shi da laifi, sai a yanke igiyar da wuƙar hukuma, a ba shi haƙuri, ya kama hanyar gida. Wuƙar hukuma kaɗai, na ce. Duk wanda aka kwance ta wata hanyar daban ya tsere wa hukuma ke nan, kuma laifin ya hau kansa da duk wanda ya taimaka.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas aka kama wani manomi mai suna Mati. Akuyar surukin Mai Gari ce ta ɓace, shi kuwa Mati tsautsayi ya sa aka gan shi yana wucewa da igiya a hannu, zai je ɗaure buhun iri. Washegari da hantsi sai ga akuya ta dawo da ƙafarta, tana tuƙa, da guntun igiya a wuya. Ashe ita ta cinye abarta ta tafi yawon shan iska.

Sufeto Ɗantani, shugaban caji ofis, mutum ne mai adalci in an tuna masa. Nan take ya ce Mati ba shi da laifi, a kawo wuƙa. Kofur Nomau, mai gadin gindin tsamiya, ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, ai wuƙar ta karye."

"Yaushe?"

"Ranar walimar ƙarin girmanka, yallaɓai. Da ita aka buɗe gwangwanayen madara."

"To, a kawo ɗayar."

"Da ɗayar aka yi ƙoƙarin ciro guntun ta farkon, yallaɓai."

Sufeto ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, za a sayo sabuwa. Ya dafa kafaɗar Mati yana murmushi. "Ka kwantar da hankalinka, malam. Kai mai gaskiya ne, hukuma ta shaida. Yanka kawai ya rage."

"Ranka ya daɗe," in ji Mati, "ruwa ya sauka jiya. Gona a share take, iri yana cikin buhu."

"Ana dubawa," in ji Sufeto. A garin nan da wannan kalma ake amsa gaisuwa, da ita ake sallamar baƙo.

Mai Gari, Alhaji Sai-Na-Dawo, yana ƙasar waje a lokacin, ya je ganin yadda ake zama kusa da talakawa. Ta waya ya ba da umarni. Majalisar Haka-Ne ta zauna, ta ce abin kunya ne wuƙar hukuma ta karye a kan gwangwani, don haka daga yau kowane ɗan sanda zai riƙe tasa, ta aljihu mai naɗewa, kuma lallai ta zama mai ƙarko. Aka kafa Kwamitin Ƙarko, aka ba Wakilin Ƙarko shugabanci, wani dattijo wanda ko lemo sai an ɓare masa. Kwamiti ya kira Kofur Nomau ya faɗi irin wuƙar da aikin ke so.

"Allah ya ja da ranku, ba wani abu mai yawa ba ne," in ji Kofur. "Ƙarfen da gumi ba zai sa shi tsatsa ba, tunda a aljihu za ta wuni. Ƙusar tsakiya kada ta riƙa rawa. In an buɗe ta tsaya a buɗe, kada ta rufe wa mutum a yatsa. Sannan a iya buɗe ta da hannu ɗaya."

"Don me hannu ɗaya?" in ji Wakili.

"Ɗayan yana bakin titi a miƙe, ranka ya daɗe, yana gaisawa da direbobi."

"Haka ne," in ji kwamiti baki ɗaya.

Kasuwar Ba-A-Mayarwa tana bayan zauren majalisa, ta taga ma ana jin masu wuƙaƙe suna wasa kayansu. Amma gaggawa aikin shaiɗan ce, saboda haka kwamiti ya tafi rangadin birane, ya ga yadda wuƙaƙen wasu al'ummomi ke naɗewa. Suka daɗe. Da suka dawo, babu wanda rigarsa ba ta matse shi ba. A wannan tsakanin gero ya tsiro a gonakin mutane, aka yi noman firi, gonar Mati kuwa ciyawa ta samu wurin zama.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Ana-Dubawa marasa tausayi ne. Ina! Kullum gindin tsamiya a cike yake da masu jaje. Mahauci ya zo da wuƙa a ƙugu ya ce, "Sannu Mati, Allah ya fid da kai." Wanzami ya zo da zabira cike da askake ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. Mai rake ma ya zo, ya fere masa gaɓa biyu a gabansa, ya sa masa a baki, ya goge wuƙar a riga ya tafi. Ban taɓa jin garin da ya kai wannan yawan wuƙaƙe ba. Sun kuma san karin maganar nan ta gemun ɗan'uwa da ya kama wuta, kuma suna aiki da ita sosai: kowa ya koma gida sai ya shafa wa nasa ruwa.

Mutum ɗaya ce ba ta iya jaje ba, wato Delu, matar Mati. Caji ofis ba ya ciyar da masu gaskiya, masu laifi kaɗai aka yi wa tanadi, don haka ita ke kawo tuwo. Wata rana ta zo da wuƙar yankan albasa a ƙarƙashin faifai. Kofur Nomau ya hango ƙyallin ƙarfe, sai ya tuna yana da alwala da zai yi a can bayan gini, ya ɗauki buta ya ba da baya.

"Malam, miƙo hannun," in ji Delu.

"Ke, mayar da abin nan."

"Kofur ya tafi. Kafin ya juyo muna gona."

"Delu, yanzu ni mai gaskiya ne, Sufeto ya faɗa da bakinsa. Kina yankewa na zama mai laifi, ke ma ki zama. Wa zai duba gonar in an ɗaure mu biyu?"

"To gaskiyar za mu shuka?"

Ya janye hannunsa. Ta mayar da wuƙar ƙarƙashin faifai tana share hawaye da gefen mayafi. Duk labarin nan na dariya ne, amma wannan wurin ni dai ba ya ba ni dariya. Kofur ya dawo daga alwala mafi tsawo a tarihin garin, ya tarar da Mati inda ya bar shi, ya yi tsaki ya zauna.

Ranar gwaji aka baje wuƙaƙe a kan tebur. Akwai wadda ƙanen Wakili ya kawo, mai cokali da abin sakace da abin yanke farce da ɗan madubi. Aka yi ta neman bakin wuƙar a cikinsu, da aka same shi sai ya rufe a yatsan Wakili. Akwai mai ruwan zinariya ta ɗan 'yar'uwar Sarkin Ƙulli, wadda ta lanƙwashe a kan goro. Kowane ɗan kwamiti da ta ɗan'uwansa, kuma kowa ya rantse gara a fasa da a ɗauki ta wani. Da rigima ta yi rigima, sai aka ga wata baƙa mai mariƙin ƙaho a ƙarshen tebur, wadda ba a san wanda ya kawo ta ba. Tunda ba ta da dangi, ba wanda ya ƙi ta. Haka Allah da ikonsa Kwamitin Ƙarko ya zaɓi wuƙar kirki, bisa kuskure.

Kofur ya buɗe ta da babban yatsa, ta ce ƙyas, ta tsaya cak. Aka kawo sabuwar igiya, ta ratsa ta kamar gwanda nunanna. Aka kawo wani tsohon guntu daga gindin tsamiya, shi ma ta yanke shi. Har Kofur ya juya zai ruga caji ofis, sai Wakili ya gyara tabarau, ya kai bakin wuƙar kusa da hanci.

"Ku tsaya. Kaifin ya ɗan ragu."

Sarkin Ƙulli ya yi gyaran murya. Ya ce ai sananne ne, igiyar da ta sha gumi da ƙasa tana cin kaifi, sabuwa kuwa ba ta taɓa shi. Nan take kwamiti ya zartar: domin ƙarko, an haramta sa wuƙar hukuma a kan igiyar da ta sha gumi.

"Ranka ya daɗe," in ji Kofur, "ai duk igiyar da ta ɗaure mutum ta sha gumi."

"Ka ga amfanin kwamiti ke nan. Da ba mu gano ba, da an yi ta ɓarna."

"To Mati fa?"

"Wane Mati?"

Aka tuna masa. Wakili ya nuna alhini ƙwarai, ya kafa ƙaramin kwamiti a kan makomar tsofaffin igiyoyi. Kafin a tashi, da yake akwai sauran shayi, suka ƙara da zaɓar wa hukuma sabuwar igiya ta roba, wadda ruwa ba ya ruɓar da ita, gara ba ta ci.

Marka ta kama. Geron mutane ya kai ƙirji. Wata safiya Mati ya kai loma baki, ya tauna, ya tsaya. Manomi ya san ɗanɗanon geronsa.

"Delu, wannan ba na buhun ba ne?"

"Rumbu ya ƙare tun tuni, Malam. Ci dai."

Ya ci, don yunwa ba ta san iri ba. 

Aka sa ranar raba wuƙaƙe, gari ya cika caji ofis. 'Yan sanda suka jeru, kowa da tasa tana sheƙi, Mai Gari ya yi jawabi ta waya a kan ƙarko. Ana cikin haka sai ga akuyar surukin Mai Gari, wadda ba a hana ta shiga ko'ina. Ta shinshina igiyar Mati, ta ji ƙanshin miyar kuka da ta daɗe tana ɗiga a kai, ta sa haƙori. Kowa yana kallo. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya yi tari. Ta tauna, ta tauna, igiya ta ce ɓas.

Mati ya miƙe da ƙyar yana dafa tsamiya. Ya nemi matarsa a cikin taro.

"Delu, akwai sauran wake?"

"Akwai ɗan kaɗan a ƙwarya."

"To wake bai makara ba. Mu je."

Sun kusa ƙofa Sufeto ya ɗaga hannu. "Tsaya, malam. Wa ya yanke igiyar hukuma?"

"Akuya ce, ranka ya daɗe. Kowa ya gani."

"Akuya tana da wuƙar hukuma ne?"

"A'a."

"Akuyar wa ce ma?"

Kowa ya kau da kai. Sufeto ya gyaɗa kai. Ya ce dabbar gidan mutunci ba ta ɓarnar kayan hukuma sai in wani ya miƙa mata. Ya ce abin ya ba shi takaici, mutum ya yi ta haƙuri a matsayin mai gaskiya, sai yanzu a ƙarshe ya ɓata rawarsa da tsalle. Ya sa aka mirgino dunƙulen igiyar roba, sabuwa fil, ko gumin sauro ba ta sha ba.

"Kofur, yanko."

Kofur Nomau ya dubi Mati, ya dubi Delu, ya sunkuyar da kai. Hannu ɗaya ya sa. Wuƙa ta ce ƙyas, ta ratsa igiya ba ko gargada.

"Kai, wuƙa ta yi!" in ji mahauci, shi da ya san kan wuƙa. Wanzami ya ce a ba shi ya taɓa. Har tafi aka yi. Sarkin Ƙulli ya naɗe hannun riga ya yi wa Mati ƙullin gado, Delu kuwa ta zauna a ƙasa da faifai a cinya, ba ta ko yi kuka ba.

Sufeto ya jira tafi ya lafa, sannan ya tuna wa jama'a sauran dokar: laifin tserewa yana kan wanda ya tsere da wanda ya taimaka. Wanda kuwa ya ga akuya tana cin kayan hukuma bai ce mata kay ba, ai ya taimaka. Ya sa aka rufe ƙofa.

"Kofur, igiyar nan za ta isa kuwa?"

Kofur ya jinjina dunƙulen, ya bi taron da kallo, sannan ya ɗaga kai ya dubi can bayan katanga.

"Za ta isa, yallaɓai. Har da waɗanda labarin zai iske a gida."