Shanun Nomau a Caji Ofis

A Rafin Gwaza akwai wani manomi ana ce masa Nomau. Ba shi da wata dukiya da za a nuna da yatsa sai shanun huɗa guda biyu, fari da ja, da garma ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa. Da su yake huɗe gonarsa, in ya gama ya huɗe ta maƙwabta a sallame shi. Duk shekarar da damina ta same shi da shanun nan a turke, gidansa zai ci tuwo har wata kaka. Shekarar da za ta same shi babu su kuwa, bai taɓa zama ya yi tunaninta ba sai bana.

Ana tsakiyar bazara aka kwance shanun. 'Yan sintirin gari suka bi sawu, suka cim ma ɓarawon a hanyar kasuwar shanu yana kora su hankali kwance, har da 'yar waƙarsa. Da an bar wa matasan sintiri, da a ranar shanu sun koma turkensu. Amma shugabansu mutum ne mai son a bi doka, ya ce a kai ɓarawo da kayan sata caji ofis. Aka kai. Kafin la'asar wani mai babbar riga ya zo ya yi belin ɓarawo, ya tafi gida wurin iyalinsa. Shanu kuwa aka ɗaure su a gindin darbejiya bayan ofis. Aka ce su shaida ne, ita kuwa shaida ba a belinta.

Washegari Nomau ya saɓa igiyarsa a kafaɗa ya nufi ofishin. Ya tarar da Saje Ɗanlami zaune bayan kantar karɓar ƙara, ya cire takalmi ɗaya yana sosa ƙafa da bayan biro.

"Yallaɓai, barka da aiki. Na zo tafiya da shanuna."

"Waɗanne shanu?"

"Ga su can ta taga suna kallona."

Saje ya leƙa, ya dawo ya zauna. "Baba, waɗancan yanzu ba shanu ba ne. Shaida ce."

"To shaidar ta wa ce?"

"Taka."

"To a ba ni abata."

"Sai oda ta zo daga sama."

Nomau ya ɗaga kai ya dubi rufin. Kwano ne, har da 'yan huji-huji da rana ke leƙowa ta ciki. Ya ce, "Yallaɓai, bene aka yi wa ofishin nan ban sani ba?"

Saje ya mai da takalminsa, ya yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro alwala. Satar shanu ta yi yawa a ƙasa, saboda haka babban shugaban 'yan sanda na can babban birni ya ce duk maganar da ta shafi dabba mai ƙaho ta dawo hannunsa. Shi Saje zai shaida wa baturen 'yan sanda, wanda ke zaune bayan labulen can yana jin duk abin da ake faɗa. Bature zai sanar da na yanki, na yanki ya sanar da kwamishina, shi kuma ya tura gaba, ana hawa ana hawa har magana ta isa teburin babban. In ya ce a saki, sai amsar ta gangaro ta hanyar da ta hau, ba tsallake kowa.

"Yallaɓai, ba za a ɗaga labulen nan kawai a tambaye shi ba?"

"Shi ma ƙasa yake, Baba. Duk wanda kake iya gani da idonka, ƙasa yake." Nomau ya juya zai fita, Saje ya kira shi. "Af, na manta. Ka riƙa kawo musu harawa da dusa safe da yamma. Hukuma ba ta ware wa shaida abinci ba."

Haka aka yi. Kullum Nomau ya ɗauko harawa a ka ya kai bayan caji ofis, ya ba shanunsa, ya shafa wuyansu, ya zagayo kanta ya tambayi labarin sama. Yau a ce magana tana yanki. Gobe a ce ta bar yanki amma ba ta isa jiha ba. Wata rana aka ce ta isa, sai dai an dawo da ita, domin an rubuta shanu biyu ba a faɗi launinsu ba.

Ana cikin haka hadari ya haɗo, ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu sharkaf. Gari ya watse gona. Duk inda Nomau ya waiga sai ya ga kunyoyi sun miƙe, tasa gonar kuwa ciyawa ta fara leƙowa. Matarsa Tabawa ta daina tambayarsa yadda aka yi, sai dai in ya shigo ta dubi igiyar da ke kafaɗarsa ta ci gaba da abin da take yi.

Wata safiya ya kai harawa ya tarar da gindin darbejiya wayam. Ya bi sawun kofato, ya zagaya bayan bariki, sai ga fari da ja cikin karkiya, wani kurtu ya naɗe wandon kaki yana riƙe da garma, suna huɗa gonar baturen 'yan sanda. Kunyoyin sun karkace kamar tafiyar mashayi, amma dai huɗa ce.

Ya dawo kanta wurin Saje. "Yallaɓai, shaida ce na gani tana huɗa?"

"Motsa jiki ake ba ta," in ji Saje, ko kai bai ɗaga ba. "In ta zauna wuri ɗaya ta yi ƙiba, ranar shari'a wa zai gane ta? Kuma in ba damuwa, gobe ka taho da karkiyarsu ta gida. Ta aron nan tana goge musu wuya."

Nomau ya so ya ƙi. Amma da ya tuna wuyan jan sa, sai ya kawo. Aka gama gonar bature aka shiga ta sufeto, daga nan ta Saje, kofur-kofur suna jiran layi. Huɗar ma bisa muƙami aka bi, ba wanda ya tsallake na gaba da shi.

Ran nan da hantsi rediyo ta ba da labari cewa babban shugaban 'yan sanda ya yi murabus. Aka ce don kansa ya yi, saboda dalilai na iyali. Teburin mai shayin bakin tasha ya kaure da gardama. Malam Ilu, hedimasta mai ritaya, ya ce duk da haka gara a bar 'yan sanda a hannu ɗaya can sama, domin ranar da aka ba kowane gwamna nasa, to wanda bai zaɓe shi ba ya fara neman garin da zai koma. Ɗan'azumi direba ya ce wannan zancen 'yan boko ne, yaya za a yi mutumin da bai san hanyar Rafin Gwaza ba ya tsare Rafin Gwaza? A ba jiha nata, a ɗauki 'ya'yan gari waɗanda suka san ɓarawo tun yana satar mangwaro.

"Su san shi, su kuma san ƙanen babansu ne," in ji Malam Ilu.

"Na yanzu da ba su san shi ba, sun kama shi ne?"

Aka yi ta yi, shayi yana hucewa. Can Ɗan'azumi ya hango Nomau zai wuce da harawarsa, ya ɗaga murya. "Yauwa, ga wanda abin ya shafa. Nomau, kai wanne kake so, na tarayya ko na jiha?"

Nomau bai tsaya ba. Ya ce, "Wanda ba shi da gona."

Da ya isa ofis, ya ce wa Saje tunda mai riƙe da igiyar ya saki, ai sai a ba shi shanunsa. Saje ya girgiza kai cikin tausayi. "Ai Baba yanzu ne ma abin ya tsaya. A da akwai wanda ake jira. Yanzu sama babu kowa. Sai an naɗa sabo, ya zauna, ya san ofis, sannan a sake hawa da maganar daga farko."

Shi kuwa babban da ya yi murabus, Alhaji Maikano, asalinsa ɗan Rafin Gwaza ne, ko da yake garin bai san shi ba sai ta jiniya da kuma doguwar katangar gidan da ya gina a bakin titi, wanda ƙadangaru ne kawai ke kwana a ciki. Kwatsam sai ga shi ya dawo gida hutawa, mota biyu kacal, babu jiniya. Gari ya shiga wata sabuwar gardamar: in an je gaishe shi, barka za a yi masa ko jaje? Masu cewa barka suka ce ai rediyo ta ce don kansa ya sauka. Masu cewa jaje suka ce su tun da suke ba su taɓa ganin wanda ya tashi daga irin wannan kujera ba tare da an ja ta daga ƙarƙashinsa ba. Da abin ya ƙi ƙarewa, dattawa suka yanke cewa kowa ya ce sannu da zuwa, ya ja bakinsa.

Tabawa ce ta ce wa mijinta, "Malam, saman nan da kake ta nema ga ta ta sauko har bakin titi. In ba ka je ba, bana sai dai mu ci ciyawar gonar."

Nomau ya sa rigarsa ta Juma'a, ya saɓa igiya, ya bi ayarin masu gaisuwa. An shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa, Alhaji Maikano yana kan kujera mai laushi cikin farar shadda, baturen 'yan sandan gari yana tsaye a bayansa ya ƙame, don har yanzu jikinsa bai ji labarin murabus ba. Alhaji yana ta bayani, jama'a suna ta gyaɗa kai. Ya ce masu neman a raba 'yan sanda jiha-jiha ba su san aikin ba. Tsaro kai ɗaya yake so, baki ɗaya, umarni ɗaya.

"Ni a zamanina," in ji shi, yana buga hannun kujera, "ko akuya ba a saki daga ofishin 'yan sanda ba sai da sanina. A duk faɗin ƙasar nan!"

"Wallahi gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Nomau daga bakin darduma. "Ni ganau ne."

Alhaji ya ji daɗi, ya yafito shi. "Kun ji ko? Talaka ma ya sani. Matso, Malam. Me ke tafe da kai?"

Nomau ya matso ya durƙusa, ya yi sannu da zuwa kamar yadda dattawa suka tsara. Sannan ya kwashe labari tun daga daren da aka kwance shanu har zuwa gonar kofur da ake huɗa a safiyar nan, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce damina tana tafiya, kwanakin huɗa sun kusa ƙarewa, abin da yake roƙo kalma ɗaya ce, ga mai labulen nan tsaye a baya, a ce masa ya saki.

Alhaji ya waiga ya dubi bature. Bature ya sara masa, ya ce, "Motsa jiki ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya gyara hula. "To, Malam, na ji, kuma abin bai yi daɗi ba. Sai dai ka makara. Ni yanzu ba ni da bakin ba da umarni. Na ajiye aiki."

"Ajiyewa, ranka ya daɗe? Haka kawai ake yi?"

"Haka kawai. In mutum ya ga ya yi wa hukuma iya abin da zai iya, sai ya ce ya gaji."

"Kuma sai a bar shi ya koma gida, ba sai an jira oda daga sama ba?"

Alhaji ya yi murmushi, ya buɗe hannuwa. "Ga ni kana gani."

Nomau ya sauke igiyar daga kafaɗarsa, ya fara warware ta.

"To don Allah, ranka ya daɗe, a gaya mini wurin wa ake faɗa. Shanuna ma suna so su ajiye aikin ɗan sandan nan, su kuwa ko ba komai an ga abin da suka yi."