Abin da Injin Iro Ya Ji

Shekaruna ma na manta yawansu, amma bikin Lafagu, ba zan taɓa mantawa da shi ba har a sa ni ƙasa. Sai dai bari in fara da Iro, don daga gare shi abin ya taso.

Iro ɗan maƙwabciyata ne a Bagudo. Ni nake goya shi duk ranar da uwarsa ta tafi yankan shinkafa. Ya tashi ba ya son gona, ba ya son ruwa, sai rediyo. Ya fara da kwafar kaset a kasuwar Tsamiya, can bakin iyakar Benin, zaune cikin rana da rikoda biyu. Daga nan ya sayi injin ɗaukar waƙa, ya kama ɗaki, ya manna katifu ga bango (ni dai na san katifa ta kwanciya ce). Sai anka fara ce masa furodusa.

Babu wanda bai ɗauka ba. Masu gogen Dendi sun ƙetaro daga Benin sun yi layi ƙofarsa. Fulani sun zo da sarewa, masu bege sun zo da mandiri, 'yan siyasa sun aiko mawaƙansu. Har yaran nan masu magana da sauri kamar ana korarsu, shi ya gyara su. Kuma kowace waƙa ta bi ta hannunsa, ta bege ce ko ta rawa, sai ka ji kiɗan ƙwarya kwance ƙarƙashinta. Da wannan ake gane aikinsa. Masu kalangun garinmu sunka koma kwaikwayon injinsa, waɗanda sunka ƙi kuma sunka rataye kayan kiɗa sunka kama kabu-kabu.

Ni kuwa lokacin ina da daraja. Ni ake kira in yi wa amarya huɗuba kafin a kai ta ɗaki. Abin da na fi ja musu kunne a kai kunya ce: kada ki kama sunan mijinki, kada ki kama sunan ɗanki na fari. Nawa ɗan farin, "kai yaro" nake ce masa har ya yi gemu, har ya haifi nasa. Ranar da kwalekwale ya kife da su a hanyar Kaoje anka kawo mini gawarsa, ban yi kuka gaban mutane ba. Anka yi ta yabona, ni kuma na karɓi yabon.

Ana nan, ana nan, ran nan Iro ya zo ya durƙusa.

"Inna, waƙoƙin daka na mutanen da suna ɓacewa. Ki zo in ɗauka, jikoki su ji."

Na ce, "Ni da tsufana?" Amma kafin ya kai zaure na riga na zaɓi zanen da zan ɗaura. (Har turare na sa. Don inji.)

Ya sa ni wani ɗan ɗaki mai gilashi, ya ɗora mini wani abu ga kunnuwa, na yi masa waƙa biyar. Sai anka yi masa sallama waje. Ya ce, "Inna, ki ɗan huta," ya ja ƙofa ya fita.

Ban taɓa zama wuri mai shiru irin wannan ba. Babu kaza, babu jika, babu maƙwabciya bayan danga. A gidajenmu ko tari ka yi an ji. Ni kuma a sanina inji kamar jaki yake, in mai shi ya tafi shi ma ya huta. Na ce a raina, yau ga wurin da babu kunne. Sai na buɗe baki na yi wa ɗana waƙa. Na kira sunansa, na sake kira, na sake. Sauran abin da na faɗa, wallahi ban riƙe ba. Na share fuska, Iro ya dawo, ya kai ni gida bisa mashin.

Bayan damina anka kira ni Lafagu, bikin jikar Tumba, ƙawata tun muna 'yan mata. Ina ɗaki, amarya gabana a lulluɓe, mata cike, na kai daidai maganar ɗan fari, sai lasifika ta tashi a tsakar gida. Goge ne da ƙwarya, da wata ganga mai dukan ƙirji. Bisa kansu wata murya siririya, kamar ta yarinya ta toshe hanci. Ta ce "ɗan farina," ta kira suna. "Ɗan farina," ta kira suna. Samari na tsalle suna amsawa. Sunan kuwa irin na nawa ɗan ne (ba za ku ji shi bakina ba).

Na miƙe da sandata na fito, na ce wa mai lasifikar ya kashe. Ya kashe. Na ɗaga murya yadda har maza na waje za su ji.

"Wace marar kunya ce wagga, mai tallar sunan ɗanta na fari kamar kifi a kasuwa? Uwar da ta haife ta ba ta yi aikin komi ba!"

Mata sunka kalli juna. Na ɗauka kwarjinina ne, sai na ƙara. Na gama da uwar, na koma kan kakar. Tumba ta zo ta kama mini hannu.

"Yaya, mu koma ciki."

"Sake ni, Tumba, ban gama ba."

"Yaya, don Allah."

"Kin san ta ne? To faɗi sunanta mu ji!"

Ta dubi ƙasa, ta ce, "Ke ce."

Ashe waƙar ta yi watanni tana yawo. Tana cikin wayar kowa, daga Kamba har cikin Benin. Jikokina sun sani, liman ya sani, amaryar da nake wa huɗuba ma da ita ta yi rawa jiya. Kowa ya ji nauyin gaya mini. Wata can baya ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Gwaggon amarya ce ta ƙarasa huɗubar.

Washegari na sami Iro. Ya durƙusa kamar kullum.

"Inna, wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai kyau kamar wannan ba. Ai na ja muryar don kada a gane ki."

"To yaya anka gane?"

"Garin ƙarami ne, Inna. Amma ki duba, yanzu sunansa ba zai ɓace ba."

"Wa ya ce maka ya ɓace? Yana nan inda na ajiye shi."

Na ce ya cire ta. Ya ce ta fita hannunsa, ko shi ba ya iya maido ta. An ce ita ce ta kai shi Kano da Kwatano, kuma yanzu ƙananan furodusoshi har ƙauyuka suke bi neman tsofaffi masu baƙin ciki.

Tun ranar ba a sake kirana huɗuba ba. Ba wanda ya ce an cire ni. Ana biki ne kawai, ina jin guɗa daga gida.

Abin da na koya da furfurata shi ne, kafin ki zagi uwar wata gaban jama'a, ki tambaya tukuna ɗiyar wa ce. Tawa uwar tana kwance kabari na aika mata zagi, ita da ta koya mini kunyar. Akwai kuma abin da ko Tumba ban gaya wa ba. In ɗan kabu-kabu ya bi ta ƙofar gida da waƙar, nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara har a kira sunan. Sai ya wuce sannan nake yi wa Iro Allah ya isa.