Ɗan takara mai tumbin filo

Gero nake sayarwa a kasuwar Ƙaura, kuma a layinmu ni ne masanin siyasa, don ba na rabuwa da rediyo. Ran nan sai ga wani mutum da babbar riga da uban tumbi, samari na biye da shi da wayoyi suna ta "Sai ka yi!" Na ce wa maƙwabcina Malam Sani, "Wanga ɗan takara na, daga tafiyar na gane. Yau zai sha gaskiya."

Na gyara hula na tare shi. Na zayyana masa tsadar taki da ta fetur, da yadda 'yan bindiga suka hana mu bin hanyar Shinkafi. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana cizon leɓe, ni a zatona tausayi ne. Da na rungume shi don godiya, sai filo ya sulluɓo daga cikin rigar ya faɗa cikin gerona.

"Baba, yi haƙuri," in ji shi, "wasan barkwanci muka ɗauka."

Bidiyon ya zaga har Zurmi. Alhamdu lillahi, ciniki ya buɗe, masu zuwa kallona ba sa tafiya hannu rabbana. Kuma har yau shi kaɗai ne ɗan takarar da ya saurare ni har ƙarshe.

Sai dai da mai tumbi ya shigo kasuwa, Malam Sani zai ɗaga murya yana tsokanata: "Sanata, latsa ka ji tukuna!"