Ranar da na tura marigayi Gusau

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin a kamfanin tankokin mai da nake aiki a Rido ba. Ko na so in manta, direbobi ba za su bar ni ba.

Ni ke haɗa jadawalin tafiya na mako. A ofis Injiniya ake ce mini, don na taɓa gyara firinta da mari biyu (sunan kuwa ya hau mini kai sosai). Jadawalin a Excel yake, amma sunayen direbobi yana janyo su ne daga fayil ɗin Madam Rifkatu, mai kula da ma'aikata. Ta canza suna a nata, nawa ya canza da kansa. Cikin sunayen akwai Bitrus, wanda aka ba motar mahaifinsa, Baba Ishaya, bayan rasuwarsa bara. Gwaji aka ɗauke shi, kuma a makon nan ne zai san ko an riƙe shi.

Ranar na makara daga gidana a unguwar Nasarawa, saura minti goma a fara taro. Na buɗe jadawali, kwamfuta ta tambaya ko a sabunta, na danna e. Nan take sunaye suka ɓace, daga sama har ƙasa sai #REF! kawai da jan rubutu, alamar kuskure. Ashe ranar Juma'a an sauya wa Madam kwamfuta, fayil ɗinta ya bar inda nawa ya san shi.

Madam ta leƙo ta ce in dakata ta nuna mini inda aka mayar da shi. Na ce ta bar wa masu abin abinsu. (Allah Ya yafe mini wannan magana.) Na laluba na tarar da fayil huɗu: Direbobi, Direbobi sabo, Direbobi na ƙarshe, da Direbobi na ƙarshe 2. Wane mai hankali ne zai tsallake na ƙarshe 2? Na haɗa da shi, sunaye suka dawo reras, na buga takarda ban ko duba ba.

Al'adarmu duk Litinin a taru a fili, Musulmi ya yi addu'a, Kirista ya yi, sannan in karanta jadawali kowa ya amsa sunansa a gaban manajanmu, Alhaji Dauda. Na fara. Na ji ana ƙananan maganganu, na ɗauka ƙorafin direbobi ne da aka saba, sai na ƙara murya.

"Mota ta sha bakwai, Gusau, Baba Ishaya."

Direbobi suka kalli juna. Ni kuwa bakina ya riga kaina gudu, na sake kira, har da tambayar ko bai zo ba ne. Mutumin da na je jana'izarsa a unguwar Television, na ci shinkafar zaman makokinsa!

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Bitrus ya cire hularsa, ya ce a hankali, "Injiniya, in an sallame ni ne a faɗa mini kawai. Ba sai an taso Baba ba."

Wallahi da ƙasa za ta buɗe da na shige. Alhaji kallona kawai yake yi. Madam Rifkatu ce ta je ta bugo na gaskiya daga fayil ɗin nan da na raina, mai suna Direbobi kawai. Na ƙarshe 2 ɗin na bara ne. Alhaji ya karɓa ya karanta da kansa, ya kira Bitrus, ya ce motar tasa ce daga yau.

Na bi shi bakin mota ina ba da haƙuri, kalmomi na ta harɗe mini. Ya ce ba komai. Sannan ya ƙara da cewa, "Shekara guda ban ji an kira sunansa a filin nan ba." Na rasa inda zan sa fuskata.

Har yau in na fito da takarda sai wani ya ce in duba ko kakansa ya samu Kano a wannan makon. Ni dai yanzu ko jan rubutu ya ɓace, ba na yarda an gyara sai na karanta suna ɗaya bayan ɗaya. In Madam ta ce in dakata kuwa, har kujera nake jawowa.