Yadda Za Ka Nemo wa Tsohuwar Motarka Abzobarta ta Asali

Ni Merle na yi maka alkawari: idan ka bi waɗannan matakai ba ka tsallake ko ɗaya ba, sai ka riƙe abzoba huɗu na asali a hannunka, irin waɗanda motarka ta fito da su daga kamfani. Ban yi karatu mai nisa ba, a aji takwas na tsaya na kama aiki a rumbun masara na garinmu. Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina zaune kan bokiti a garejin Harlan Stuckey, mijin ƙanwata Darlene, ina kallonsa yana tayar da jar motarsa Chevelle ƙirar 1970. Duk faɗin jihar Indiana babu wanda ya kai ni kallon wannan aiki.

Mataki na ɗaya: Ka manta da amfanin abzoba

Kowa ya san abzoba ce ke shanye ramukan hanya don kada bayanka ya shanye su. To, cire wannan daga kanka. A shagon kayan mota na bakin titi akwai sababbi, cikin minti goma ka saya ka dawo gida, kuma suna aiki lafiya lau. Abin kunyarsu ke nan. Kai ba mai aiki kake nema ba. Wadda aka haifa tare da motar kake nema, ruwan toka, mai tsagi a karkace a jikinta, da lamba a gindi.

Dalili kuwa shi ne alƙali. Ranar gasar tsofaffin motoci, a filin baje koli na gunduma, wani mutum zai zo da madubi ɗaure a sanda ya zura ƙarƙashin motarka. Fentin da ka shekara uku kana gogewa ko kallonsa ba zai yi ba. Wurin da rana ba ta taɓa gani ba, nan idonsa yake.

Idan kana tambayar ina na farkon suka tafi, tambayi kanka. Harlan da hannunsa ya kwance nasa a 1973 ya jefa a rafi, ya sa masu iska don bayan motar ya ɗaga sama kamar agwagwa tana kiwo. Haka duk samarin lokacin suka yi.

Mataki na biyu: Ka samu wanda zai yanka maka wa'adi

In babu wa'adi, a kan bulo motar za ta tsufa, kai ma haka. Harlan ya yi sa'a, yana da Darlene. Bara aka sa mata ƙarfe a kwatangwalo, da sanda take tafiya, amma bakinta ba a yi masa aiki ba. Wata safiya ta tsaya a ƙofar gareji ta dube mu.

"Harlan, a cikin motar nan ka ɗauko ni daga coci. Asabar ɗin gasar bana muke cika shekara hamsin. Ko in shiga ta ka kai ni filin nan da ƙafafunta, ko in kira mai tirela ya raba ni da ita."

"Saura abzoba kawai, Dar."

"Tun ina da kwatangwalona na asali nake jin saura abzoba. Kai kuma Yaya, ka tashi daga kan bokitin nan, na wanke-wanke ne."

Mataki na uku: Ka nemo takardar haihuwa

Kwance kujerar baya ka kifa ta. A tsakanin wayoyin da ke ƙarƙashinta za ka ga wata takarda da ta koma launin shayi, wadda wani ma'aikaci ya cusa ranar da aka harhaɗa motar. Ta Harlan ɓera ya ci kusurwarta, amma ya bar mana abin da muke so: mako na biyu na watan Maris.

A gindin kowace abzoba kuma an buga ranar da aka ƙera ta, rana ta nawa a shekara, sai shekarar. Dole ta girmi motar da 'yan makonni. Idan ta girme ta da shekara, baƙuwa ce. Idan motar ce ta girme ta, alƙali zai tambaye ka a kan me motar ta tsaya kafin a haife ta.

Nakan zauna ina tunanin mutumin da ya buga lambar nan. Wata Talata ce cikin sanyi, ƙila haƙorinsa na ciwo, ƙila yana tunanin miyar da zai tarar a gida. Bai san wasu tsofaffi biyu za su yi ta neman aikinsa na daƙiƙa ɗaya kamar sun ɓatar da ɗa ba.

Mataki na huɗu: Ka je kasuwar tsofaffin ƙarafa, amma ka bar imaninka a gida

Tafi da tocila, da gilashin ƙara girma, da takalmin da ba ka so. Kowane mai tebur zai rantse maka daga motar kawunsa ya kwance, kuma kawun ranar Lahadi kawai yake tuƙi.

Wani mai jar hula ya miƙa wa Harlan guda biyu a nannaɗe cikin jarida.

"Ga su nan, baba. Ko uwar motar ce ta gan su sai ta yi kuka."

Harlan ya haska, ya daɗe yana dubawa.

"Rana ta ɗari uku da saba'in da biyu?"

"Haka aka buga."

"Ɗan uwa, shekarar garinku kwana nawa ce?"

"To... ai a lokacin suna aiki har da ƙarin lokaci."

Harlan ya ja hannuna muka wuce. Ni da ya bar ni da na saya. Har yau ina so in san abin da ya faru a wannan makon da ba ya cikin kalanda, da irin mutanen da suka tashi suka tafi aiki a cikinsa.

Mataki na biyar: Ka nemi tsohon da ba ya sayarwa

A kowace gunduma akwai shi. Namu sunansa Virgil Ott, tsohon makanike, gidansa na bayan gonakin waken suya. Duk abzobar da samari suka sa ya kwance musu a zamanin, bai zubar ba. A rumbunsa ya rataye su kan ƙusoshi, jeri-jeri kamar naman da ake busarwa.

Ka'ida ita ce kada ka kalli abin da ya kawo ka. Ka sha kofinsa, ko da kuwa na jiya ne. Ka yaba karensa. Ka tambayi lafiyar gwiwarsa, ka saurara har ƙarshe. Sai zuwa na uku Harlan ya ɗaga kai sama kamar mai duba ko rufi na yoyo, ya ga huɗu a ƙusa ɗaya: rana ta hamsin da takwas, shekara ta saba'in.

Virgil ya ce, "Daina wahalar da wuyanka, Stuckey. Tun zuwan farko na san su kake so. Ba na sayarwa. Kuna zubarwa ina tsinta, kuna yi mini dariya."

"To me kake so, Virgil?"

Virgil bai dube shi ba, ni ya duba.

"An ce Merle yana da kwaɗo mai ƙafa biyar a cikin kwalba."

Shekara ashirin da shida kwaɗon nan yana kan tagar ɗakina. Ni na tsince shi da kaina a bayan rumbun masara. Na ba da shi. Ka sa wannan a ranka: a wannan harka, ba lallai ne mai motar ya zama wanda zai yi rashi ba.

Mataki na shida: Kada ka wanke

Kada ka goge da takardar yashi, kada ka kusance su da fenti. Ɗigon launin da ke gefe ma'aikacin kamfani ne ya ɗiga shi, ya fi zoben aurenka daraja a wurin alƙali. Tsumma mai laushi ya isa.

Sannan ka tsayar da ɗaya a ƙasa ka danna. Idan ta yi maka gardama, yi zargi. Na Harlan suka shige suɓul kamar cokali a cikin kunu, man cikinsu ya tsiyaye tun kafin a haifi 'ya'yansa.

Ya ce, "Merle, sun mutu."

Na ce, "Murus. Barka da arziki."

Kwana biyu ya yi yana ɗaura su, yana hutawa bayan kowane noti, saboda mutum mai shekara saba'in da huɗu shiga ƙarƙashin mota ba ya yi masa wuya, fitowar ce.

Mataki na bakwai: Kada ka ɗauki matarka gwaji

Masu hankali a kan tirela suke kai motarsu, su sauke ta a kan ciyawa, su mayar da ita gida ba ta taka kwalta ba. A nan Harlan ya kauce hanya, kuma ina ba ka labarin ne don kada ka bi shi.

Saura kwana biyar gasa ya tada injin. Tagogin kicin suka yi rawa. Darlene ta fito da sandarta, har ta shafa jan-baki, ta shiga gaba, ni ina baya. Mun fita titi motar tana lilo kamar kwalekwale, Darlene tana dariya tana cewa Harlan ya taka mata mai kamar da. Ya taka. Sai ga mararrabar layin dogo.

Motar ta tashi, ta sauka, ta sake tashi, ta yi ta yi har muka wuce gidan mai. Hulata ta faɗi. Na jira Darlene ta fara zazzaga masa, amma ba ta ce komai ba. Ta kama hannun ƙofa da hannu biyu, ta juya fuska waje, kuma ta madubin gefe na ga ta cije leɓe, hawaye na bin kumatunta. Shekara saba'in na san ƙanwata, ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba.

Da muka iso gida ta kasa fita, kwatangwalon ya riƙe. Mu biyu muka ɗago ta.

Ta ce, "Ba komai. Ka je ka ci kofin gasarka, Harlan. Zan biyo ku a motar maƙwabta."

Bayan ta shiga ciki na ba shi shawarar masana: ya sa sababbi ya kai ta filin, a bakin ƙofa ya mayar da na asali.

"Kwana biyu nake yi, Merle. A bakin ƙofar za ta kwana?"

"To ka kai motar kai kaɗai. Shekara goma sha ɗaya fa. Ga kwaɗona da na bayar."

Harlan ya miƙe. Ya ɗauki makullin akori-kurarsa ya fita. Minti goma sai ga shi da kwalaye huɗu daga shagon bakin titi.

Mataki na takwas: Idan ka riga ka ɓata, ka tsaya da kyau a gaban alƙali

Ranar Asabar muka tsallake layin dogo, Darlene ba ta ma san mun wuce ba, tana ba da labarin rigar aurenta. A filin, alƙali ya zo da farar riga da madubinsa. Ya zura, ya ciro madubin ya goge da hannun riga, ya sake zurawa.

"Mista Stuckey, an gaya mini na Virgil suna hannunka."

"Suna hannuna."

"To waɗannan baƙaƙen fa? Ko takardar farashi ba ka ɓare ba. Maki huɗu ne fa. Kofi ya tafi."

Harlan ya sosa ƙeya. Darlene ta leƙo ta taga.

"Yallaɓai, ka gama leƙen? Ni ma ta ƙugun nan tawa ba ta asali ba ce, in kana so ka rubuta. In ka gama ka janye sandarka, mijina zai kai ni shan askirim, kuma ta doguwar hanya za mu bi."

Kofin ya tafi wurin wani likitan haƙori da motarsa ba ta taka titi ba tun da ya saya. Harlan bai tsaya rabon kyauta ba. Ni ma ban tsaya ba, don ba ni da wata motar komawa. Sau uku muka tsallake layin dogo a ranar, na ukun ita ta ce a koma.

Gargaɗi

Ni Merle alkawarin samun abzoba na yi maka, ban yi maka na ɗaura su ba, balle na zaman lafiya. Ba ruwana da bayanka, da kofin jiya da za ka sha, da abin da ke kan tagarka da za a nema. Duk wanda ya bi matakan nan har ya ga matarsa ta yi shiru a cikin mota, kada ya zo wurina, ban san maganin wannan ba, Harlan ne ya sani. Na asalin huɗu kuwa suna rataye a barandata, don Darlene ta hana su kwana a gidanta. Idan iska ta kaɗa sukan bugi juna su yi wani ɗan ƙara mai daɗi. Kana iya zuwa ka saurara, amma ba na sayarwa.