Makullina a Bangon Shago

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bangon shagona ya tona min asiri ba.

Ni tela ce a unguwar Fadikpe, a Minna. Wata 'yar Minna da ke aure a Ghana ta ga ɗinkina a waya, ta ba ni aikin kayan biki kala shida, amma ta ce da kirifto, wato kuɗin intanet, za ta biya. Ban taɓa samun aiki irinsa ba, don haka na shiga wani aji a Tudun Wada inda ake koya wa mata harkar.

Malamarmu, Anti Rahila, akwai haƙuri. Ni kuwa babu. Ta ce kowane asusu makulli biyu gare shi: na fili, wanda za ki ba kowa ya turo miki kuɗi, da na sirri, wanda waya ke sa hannu da shi a duk abin da kika tura. Kowa na iya tabbatar da sa hannun, amma mai makullin kaɗai ke iya yin sa. Shi makullin sirrin kuma daga wasu kalmomi goma sha biyu yake fitowa. Kowaccenmu ta buɗe asusu ta samu nata kalmomin, Anti ta sa mana ɗan kuɗin gwaji a ciki.

"Ku rubuta su inda ba za su ɓata ba, kuma..."

"Anti, mun gane, a wuce gaba," na ce. (Ta dai ƙarasa maganarta, ni ina latsa waya.)

To, mu teloli ina muke rubuta abin da ba ma so ya ɓata? A bango mana. Na ɗauki alli na rangaɗa su ƙarƙashin awon Maman Ndagi, wata 'yar Bida da muke aji ɗaya. Da na gama rigar farko na rataye ta a bangon, na ɗauki hoto na tura wa 'yan ajinmu, don yanga kawai.

Washegari Anti Rahila ta dube ni a gaban kowa.

"Na gode da kuɗin gwajin da kika turo min."

"Ni? Wallahi ban tura ba!"

"Sa hannunki ne a kai. Na'ura ba ta jin rantsuwa, ƙanwata, makulli ta sani."

Sai ta buɗo hotona, ta ja shi da yatsu biyu. Ga kalmomina reras a gefen hannun riga. Ashe da su ta shiga asusuna ta tura wa kanta kuɗin, don ta nuna mana.

Maman Ndagi ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Kai yarinya, har ƙugu na ka nuna ma duniya!"

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa gumi nake, don jibi matar Ghana za ta biya, a wannan asusun.

A take muka buɗe sabon asusu, na tura wa matar Ghana sabon adireshi, wato makullin fili. Kuɗina ya iso lafiya, na sayi fenti na shafe bangon.

Yanzu ni ke taya Anti koyar da sababbin ɗalibai. Duk wadda ta ce "mun gane", ni ke cewa: "Zauna, baiwar Allah, ba ta gama ba."